Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Kwamitocin Asibitocin Mazaɓu Na Jigawa: Ku Shiga Ɗakin Haihuwa Ku Murɗa Famfo

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyayena da yayyena shugabannin kwamitocin ci gaban mazaɓu, masu sa ido a kan ƙananan asibitocinmu na karkara, da ku ƙannena da 'ya'yana masu riƙe da makullan asibitocin, ina gaishe ku da aiki, ina gaishe ku da haƙuri da jama'a. Allah ya ba da lada.

Ni tsohuwar jami'ar lafiya ce. Na yi shekara 30 da 'yan kai a ƙananan asibitocin ƙasar Haɗeja kafin na ajiye aiki. Na yi awo, na yi rigakafi, na wanke gyambo, na karɓi haihuwar da ban san adadinta ba. Wasu yaran da na yanke wa cibiya, yau su ke kawo matansu awo. Na zaɓi in rubuto muku ku, ban rubuta Dutse ko Abuja ba, saboda abin da zan roƙa yana hannunku, kuma kuɗinsa bai kai na fentin katanga ba.

Zan fara da abin da ban taɓa faɗa a gaban taro ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya.

Wata shekara da bazara, tuƙa-tuƙar asibitin da nake ta yi wata biyu a lalace. Jarka biyu ɗan garuwa ke kawo mana da safe, daga aljihunmu muke biya. Ranar kasuwa ce, jama'a sun yi yawa, kafin la'asar jarka ɗaya ta ƙare, ta biyun saura ɗan kaɗan a gindi. Dab da magariba aka kawo wani dattijo da fartanya ta sara a ƙafa, ya yi kwana goma yana ɗaure da tsumma, wurin ya cika da mugunya. Na sa safar hannu na matse, na wanke, na ɗaure. Ina cire safar sai ga amalanken shanu a bakin ƙofa, an kawo yarinya mai cikin fari, faya ta fashe tun hantsi. Na dubi jarka. Na lissafa ruwan da za a goge uwa da jariri da shimfiɗa. Sai na tsoma hannu a tasar da ke kan benci, wadda tun safe kowa ke ɗauraye hannu a ciki har ruwan ya yi duhu-duhu, na goge da tawul ɗin da ke rataye a ƙusa, na zura sabuwar safa na duba ta. Sau huɗu na duba ta a daren nan, da cocila a baki. Da asuba ta sauka lafiya, namiji. Aka yi barka suka tafi.

Kwana huɗu aka dawo da ita a kwance. Jiki kamar garwashi, mara ba ta taɓuwa, jinin biƙi yana wari har bakin ƙofa. Surukarta ta ce ai gudun ruwan zafi take yi, ba ta tsayawa a yi mata wankan jego yadda ya kamata, shi ne sanyi ya shige ta. Wata tsohuwa ta ce iska ce. Muka tura ta babban asibiti. Ranar suna, ana raɗa wa yaron suna ana karɓar gaisuwar uwarsa.

Ba zan iya rantsuwa cewa hannuna ne ba. Faya ta daɗe da fashewa, wannan kaɗai kan buɗe wa cuta hanya, kuma mai yiwuwa an taɓa ta a gida kafin a kawo ta. Ajali ba ya wuce lokacinsa, na yi imani da haka. Amma na san abin da hannun nan ya taɓa a yammacin, na san irin ruwan da na tsoma shi, kuma da shi na ɗauko safar na kama bayanta kafin in zura. Babu wanda ya tuhume ni. Mijinta ma har gida ya zo bayan arba'in ya yi mini godiya, da ƙwan zabi a ƙwarya. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Irin wannan mutuwar ba ta da shafi a rajistarmu. A littafi an rubuta "ta haihu lafiya, an sallame ta", kuma gaskiya ne. Zazzaɓin a gida yake tashi, bayan kwana biyu ko uku, lokacin da babu mai haɗa shi da asibiti. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2022, cikin majinyata 100 da aka kwantar a asibiti a ƙasashe irin namu, 15 kan ɗauki wata cutar da ba da ita suka zo ba, a ƙasashe masu arziki kuwa 7. Ɗaya cikin goma na waɗanda suka ɗauka ba ya tashi. Wannan lissafin asibitocin da ake ƙidaya ne. A namu na ƙauye wa ke ƙidayawa?

Akwai labarin da aka ba mu a makarantar koyon aikin lafiya, muka haddace don jarrabawa, ban gane shi ba sai bayan yarinyar nan. A babban asibitin birnin Biyena na ƙasar Ostiriya akwai ɗakunan haihuwa biyu. Ɗaya ungozomomi ke riƙe da shi, ɗaya likitoci da ɗalibansu. Mata sun fi mutuwa da zazzaɓin jego a ɗakin likitoci, nesa ba kusa ba. Wani likita ɗan ƙasar Hungari, Ignaz Semmelweis, ya lura cewa ɗaliban daga fiɗar gawa suke fitowa su wuce kai tsaye su duba masu naƙuda. A watan Mayun 1847 ya tilasta wa kowa wanke hannu da ruwan kulorin kafin ya taɓa mace. Mutuwar da ta kai kashi 18 cikin 100 a watan Afrilu ta sauko kusan kashi 2 cikin 'yan watanni. Manyan likitocin zamanin suka ji haushi, wai ta yaya za a ce hannun mai ilimi ke kisa. Mutumin a gidan masu taɓin hankali ya rasu a 1865.

Abin da ya fi tsaya mini a labarin shi ne matan garin sun riga likitocin ganewa. Roƙo suke yi kada a kai su wancan ɗakin. Mu ma a nan kullum faɗa muke yi wa mata a kan haihuwar gida, muna cewa jahilci ne, muna cewa kunya ce. Wani lokacin haka ne. Amma wata ta raka 'yar'uwarta, ta ga katifar da ledarta ta yage jini ya shige soso, ta ga tsumman da aka goge ƙasa da shi an goge gado, ta koma gida ta yi shiru. Ba za ta taɓa faɗa muku ba, ranku ya daɗe. Ranar naƙudarta kawai za ta rufe ɗaki.

Yanzu ga abin da ya sa ku na rubuto wa.

Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya don lafiya matakin farko. Daga nan ne kuɗin da kan faɗo asusun asibitin mazaɓa duk wata uku yake fitowa, wanda shugaban kwamiti da mai riƙe da asibiti ke sa wa hannu tare. Ba shi da yawa, kuma yakan makara, na sani. Amma na zauna a tarukan da ake tsara yadda za a kashe shi, na ga abin da ke fara shiga takarda: fenti, allon suna a bakin hanya, kujerun roba, labule. Duk abin da baƙo zai gani daga cikin mota. Sabulu kuwa sai an gama a ce, "a'a, wannan ai ƙaramin abu ne, Malama za ta ji da shi." Malama kuwa albashinta ya ƙare tun ran goma ga wata.

Ban ce mugunta ce ba. Yawancinku maza ne, dattawa masu kunya, ba ku taɓa taka ɗakin haihuwa ba, kuma ba za a ga laifinku ba. Kukan tsaya a baranda, a nuna muku firjin rigakafi da ɗakin magani, ku sa albarka ku tafi. To ina roƙonku don Allah, ranar da babu kowa a ciki, ku nemi izini ku shiga. In nauyi ya hana, ku tura matan da ke cikin kwamitin, ai don irin wannan aka sa su. Ku murɗa famfon da hannunku. In ya kawo ruwa, ku nemi sabulu. In babu famfo, ku tambaya ina ake wanke hannu, sannan ku ƙirga taku nawa ne daga gadon haihuwa zuwa wurin. In sai an fita an ratsa tsakar asibiti zuwa gindin tanki, to ku sani da ƙarfe biyun dare, mace ɗaya tilo a bakin aiki, kan jariri ya leƙo, babu mai zuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF sun ce a 2022 rabin wuraren kiwon lafiya na duniya ba su da cikakken tanadin ruwa da sabulu ko man tsaftace hannu a inda ake duba majinyaci da kuma bakin banɗaki. Ku je ku gano a wane rabin naku yake.

Rijiyar burtsatse mai sola ita ce maganin dindindin, wannan kuwa sai an bi shugaban ƙaramar hukuma da kansila da 'yan majalisa, kuma ku kuka fi ni sanin ƙofofinsu. Kafin ta samu, bokiti mai murfi da famfo a gindi ya wadatar, da roba a ƙasa tana tarar ruwan da ya zuba. Wata ma'aikaciyar lafiya 'yar Gana, Veronica Bekoe, ita ta ƙirƙiro shi, kuma kun san shi sarai: a 2020, lokacin korona, babu ƙofar asibitin da ba a kafa shi ba. Ku tambaya ina naku ya shiga. Na ga wanda famfonsa ya karye aka mai da shi mazubin shara. Na ga wanda mai gadi ke jiƙa wake a ciki. Famfon roba na nawa ne a kasuwar Haɗeja ko ta Gumel? Ɗaya a ɗakin haihuwa, ɗaya inda ake allura da wankin ciwo, ɗaya a bakin banɗaki. A rubuta sunan mai cika su safe da yamma a manna a bango, domin aikin kowa da kowa ba mai yin sa. Sabulu ya samu layinsa a takardar kasafi, da adadinsa na wata uku, kamar yadda fenti ke samu. In ana ɗauke shi, kuma ana ɗaukewa, a yanka sanda gida huɗu a huda a ɗaure da igiya.

Tasar nan ta tsoma hannu kuwa, a fitar da ita yau. Abin mamaki, mu da muka tashi da buta a hannu, muka san ruwan tsarki zuba shi ake yi ya wuce, mu ne muke tara dattin mutum ashirin a tasa ɗaya mu ce wanke hannu muke yi. Ko yaron makarantar allo ya ji hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito, wanda ya hana mai tashi daga barci tsoma hannunsa a mazubin ruwa sai ya wanke shi sau uku, domin bai san inda hannun ya kwana ba. Mu kuwa mun san inda namu ya wuni. Tawul ɗin ƙusa ma ya bi tasar. Gara a yarfe hannu iska ta busar da shi, ko a yanka tsohon zane ƙanana-ƙanana, kowane ƙyalle goge ɗaya, a tara a dafa.

Akwai mutum ɗaya da nake so ku riƙa tambayar lafiyarsa in kun je, wato mai shara. Ita ce ke kwashe jini da amai da mabiyiya, ita ke wanke gado tsakanin mai jego da mai jego, amma in an kira bita a hedikwatar ƙaramar hukuma ba a taɓa sa sunanta. Wata ma sa-kai take yi, sai abin da aka ɗan miƙa mata. Ku saya mata safar roba mai kauri da takalmin ruwa. A koya mata haɗin bilic: in mai ƙarfin kashi 3.5 ne, kamar yadda ake rubutawa a jikin kwalbar JIK, awo ɗaya na bilic, awo shida na ruwa, a haɗa sabo kowace safiya domin na jiya ya sane. Warin Izal a ɗaki ba shaida ba ce cewa an kashe cuta.

To ku kuma abokan aikina, in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Na ga asibitin da ruwa ke gudu dare da rana amma hannu bai san shi ba.

Mun mai da safar hannu laya. Mutum ya zura guda da safe, ya taɓa mai tari, ya ɗauki biro ya rubuta kati, ya amsa waya, ya karɓi kuɗi, ya ɗaura wa yaro ƙarin ruwa, duk da ita. Kansa ya kare, jama'a kuwa ya raba musu. Safa ta majinyaci ɗaya ce, aiki ɗaya, kuma ana wanke hannu kafin a sa ta da bayan an cire, domin tana da ƙananan hudojin da ido ba ya gani, kuma wajen cirewa hannu kan shafi bayanta. Lokuta biyar ɗin nan da ke jikin fostar da rana ta kodar a bangon kowane asibiti, kun san su: kafin ka taɓa majinyaci, kafin aiki mai tsabta irin allura ko duba mai naƙuda, bayan jini ko wani ruwan jiki, bayan ka taɓa shi, da bayan ka taɓa gadonsa ko kayansa. A nawa ganin na biyun ne muka fi sakaci da shi, kuma shi ne mai kisa. Bayan mun taɓa ƙazanta ƙyama kan tura mu famfo. Kafin mu taɓa mutum kuwa hannu fes yake a ido, babu abin da ke tuna mana.

Wani abokin aikina yakan ce shi da ke alwala sau biyar a rana me ya rage masa. Alwala ibada ce, Allah ya karɓa, amma ba sabulu a cikinta, kuma tsakanin azahar da la'asar ka taɓa mutum talatin. Wankin asibiti daƙiƙa 40 zuwa 60 ne da sabulu, a cuɗa tsakanin yatsu da bayan hannu da kan farce da babban yatsa, wanda kusan kowa ke mantawa da shi. Zobe da agogo da awarwaro a ajiye su a jaka. Farce a yanke.

Na san ranar rigakafi ko ranar awo, mata 80 a layi, ba mai iya tsayawa minti guda a famfo bayan kowace mace. Nan sanitaiza ke da rana: daƙiƙa 20 zuwa 30, ba ruwa ba tawul, matuƙar ba jini ko wani datti da ido ke gani a hannun. In akwai, sai sabulu. Wasu na ƙyamarsa wai giya ce. Majalisar fiƙihu ta Rabiɗa, wato ƙungiyar Musulmin duniya, ta zauna a Makka a 2002 ta halatta amfani da sinadarin alkohol ɗin da ke cikinsa wajen tsaftace ciwo da kashe ƙwayoyin cuta a fata, kuma alhazanmu sun gan shi a asibitocin can. Tsada ce matsalarsa ta gaskiya. Amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da yadda ake haɗa shi ba sai an sayo na kamfani ba: itanol, wato alkohol, mai ƙarfin kashi 80, da ɗan haidirojin feroksaid, ruwan nan mai kumfa na wanke ciwo, da ɗan gilisarin mai hana hannu bushewa, abin da duk wanda ya yi aiki da hunturu hannu na tsagewa zai gode masa. A rufe a bar shi awa 72 kafin a fara amfani. Aikin masanin haɗa magunguna ne, ba na kowa ba. Mazaɓu 287 gare mu a ƙananan hukumomi 27. In kwamitocin ƙaramar hukuma ɗaya suka haɗa kuɗi suka nemi mai haɗa magani na babban asibitinsu ya yi musu jarka-jarka, kowa zai samu a farashin da ba a samu a kemis.

Kada ku ɗauka majinyata kaɗai nake jiye wa. Zazzaɓin Lassa da aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na ƙasar Borno, ma'aikatan jinya ya fara kashewa. A Janairun 2020 nan Kano kusa da mu likitoci biyu suka rasu da shi bayan sun yi wa wata mai ciki aiki. Kwalarar 2021 kuwa ba sai na tuna wa mutumin Jigawa ba, mun ga yadda mai jinya ke zama majinyaci a kwana ɗaya. Cutar ba ta zuwa da takarda a goshi. Mai zazzaɓin da ka ɗauka na sauro ne, sai bayan kwana biyar ka ji labari.

Ku zagaya bayan asibiti kuma ku dubi ramin shara. In kun ga sirinji a fili, to yaran unguwa sun riga ku gani, da shi suke wasan fesa ruwa. Ƙwayar ciwon hanta nau'in B takan yi aƙalla kwana 7 da rai a busasshen jini. Allura kwalinta za ta shiga nan take, ba a mai da mata murfi, in kwalin ya kusa cika a rufe a ƙone a rami mai shinge. Almakashin cibiya, inda babu tukunyar turara kayan aiki, a wanke shi tas a dafa minti 20 daga lokacin da ruwa ya tafasa. Goga masa auduga da sifirit ba dafuwa ba ce. Cibiyar kuma a ba uwa man kulohekzidin, mai kashe ƙwayoyin cuta, ta tafi da shi, a gaya wa kaka da bakin girmamawa cewa ban da man goge baki, ban da toka, kuma ta wanke hannu kafin ta taɓa.

Saura abu biyu da ba sa cin ko kwabo, kuma ku kaɗai ne za ku iya, iyayena.

A fostocin ana rubuta wai majinyaci ya tambayi ma'aikaci ko ya wanke hannu. Wanda ya rubuta bai san ƙauye ba. Wace mace ce za ta taso daga ruga, ba ta da ko kuɗin kati, ta dubi mai farar riga ta ce, "Malama, kin wanke hannu?" Tsoro take ji kada a kore ta. Amma in mai unguwa ya faɗa a wurin suna, liman ya faɗa bayan sallar Juma'a, shugaban kwamiti ya faɗa a gaban ma'aikatan da kansu cewa a asibitin nan an yarda a tambaya kuma ba mai fushi, to nauyin ya sauka daga kanta. Ku kuma 'ya'yana, ku sa bokitin inda mai jiran layi zai gan ku kuna wankewa, kun hutar da kowa tambaya.

Na biyu, a ware shafi ɗaya a bayan rajista. Duk mai jegon da ta dawo da zazzaɓi kafin arba'in, duk jaririn da cibiyarsa ta yi ja ko ta yi ruwa, duk wanda wurin allura ya yi masa ƙurji, a rubuta, da ranar da aka taɓa shi a asibiti. A karanta shafin a taron wata. In kuka mai da shi abin kama mai laifi, wata mai zuwa za ku tarar da shi fari fat, domin ba mai rubuta abin da zai ci shi. Tambaya ɗaya za ku yi: a makon nan akwai ruwa? Akwai sabulu? Da akwai irin wannan shafin a zamanina, da yarinyar nan ta shiga ciki, da wataƙila tuƙa-tuƙar ba ta ƙara wata guda a lalace ba, kamar yadda ta ƙara.

Ranar 5 ga Mayu ce ranar tsaftar hannu ta duniya a asibitoci. In an turo kuɗin riguna da huluna da tuta, ku roƙa a bar ku ku sayi famfon bokiti da su.

A mazaɓarmu, taron kwamiti na gaba Asabar ɗin farkon wata ne. Na riga na aika wa shugabanmu cewa zan zo ko ba a gayyace ni ba, kuma in na gaisa da dattawa a baranda, ɗakin haihuwa zan wuce.

Wassalam.

Taku,
Tsohuwar jami'ar lafiya, daga wani ƙauye a ƙasar Haɗeja.